Farin Jinin Ƙirgau

"Kawo takardar nan in gani," in ji Ƙirgau, ya miƙo hannu daga kan gadon asibiti, tari na sarƙe shi.

Ma'aikaciyar jinya ta riƙe takardar gwajin. "Baba, ta likita ce fa."

"Jinin kuma nawa ne. Kawo."

Ta ba shi. Wa zai hana shi? Shekara talatin da biyu ya yi a ɗakin gwajin jini, ido manne da madubin likita, yana ƙirga ƙwayoyin jinin mutane ɗaya bayan ɗaya, har sunan ya bi shi. Ni maƙwabcinsa ne, tsohon direban bas, katanga ɗaya ta raba mu. Ni na kawo shi ranar da murar da yake rainawa ta sauka ƙirji.

Ya daɗe yana kallon takardar. Matarsa ta gyara takunkumin fuskarta ta matso.

"Malam, me suka gani?"

"Fararen ƙwayoyin jini ne suka yi yawa."

"Farin jini ya yi yawa? Wannan ai ba sai an gwada ba, tun ina budurwa nake fama da shi!" Ta yi dariyar da rabonta da ita kwana biyar. "Alhamdu lillahi. Ba sai mun tayar wa Auta hankali ba ke nan."

Auta ita ce 'yarsu, sanyin idonsa. Watanta biyu da samun aiki a wani gari mai tafiyar yini guda.

Bai gyara wa matar tasa ba, shi da ba ya barin kuskure ya wuce. Ya aike ta ta nemo ruwan zafi, sannan ya yafito ni.

"Direba, duba nan. Fararen iri-iri ne. Waɗannan na sama 'yan gaggawa ne, sun cika fili suna ɓarna. Waɗannan na ƙasa su ne masu yaƙi da irin wannan cuta, sun kusa ƙarewa. Yi lissafi, raba lambar na sama da ta na ƙasa. Mai lafiya biyu yake samu, ko uku."

"Kai nawa?"

"Sha tara."

"To sai me? Lamba ce kawai."

"Na ga irinta a jinin mutane da yawa. Ba duka suke tafiya ba, amma na san ƙirjina." Ya ninke takardar. "Kada ka gaya mata. Kada ka kira Auta, za ta baro aikin, su kore ta a banza."

Na yi masa alkawari. Haka na saba da shi. Shekaru muna zama a bencin ƙofar gidansa da la'asar, mutanen layinmu suna kawo masa takardun asibiti, ya ɗora tabarau a kan hanci ya karanta musu. Ya ce wa wannan "je ka ci abinci, ba abin da ke damunka", ya ce wa wancan "koma yau, kada ka kai gobe". Ba ya karɓar komai sai gardama. Ni kuwa kullum sai ya ja fatar idona ya ce jinina ya fi hankalina yawa. Ina kewar wannan zagin, wallahi.

Kwana biyu na riƙe bakina, ina jin kaina wani babban mai amana. Matarsa tana gaya wa duk mai zuwa dubiya cewa gwaji ya yi kyau. A rana ta uku da safe na tarar an sa masa abin shaƙar iska, leɓɓansa sun dushe. Na fita baranda, na kira Auta.

"Kawu, Mama ta ce da sauƙi."

"Ki taho yanzu, 'yata. Ki bar komai."

Da na koma na gaya masa. Ya harare ni ta saman robar shaƙar iskar, irin hararar da yake min idan na taka burki da ƙarfi. Amma daga nan idonsa bai ƙara barin ƙofa ba.

Har yau ina jin haushin kwana biyun nan. Da na kira tun farko, da sun yi hira.

Auta ta iso rana na shirin faɗuwa, jaka a kafaɗa. Magana ta riga ta ƙare masa. Uwar tana gefe, ta daina tambayar kowa komai. Auta ta durƙusa ta ce, "Baba, ga ni."

Ya lalubo hannunta, ya juya shi a hankali yadda ya juya dubban hannaye a wurin aiki. Babban yatsansa ya bi lanƙwasar gwiwar hannun yana neman jijiya. Da ya same ta sai ya tsaya a kai.

Bayan an rufe masa ido da daɗewa, ba ta janye hannun ba.