Nauyin Jirgin Injiniya Saminu

Shekara tara ke nan da Malam Sada ya ƙera jirgin sama, kuma shekara tara ke nan mutanen Daura na kiran ƙanin matarsa Injiniya.

Abin ya faru ne ba tare da wata hayaniya ba. Malam Sada yana koyar da zanen fasaha a wata sakandare. Ya samo zanen wani ƙaramin jirgi mai fiffike mita ɗaya da rabi, ya shafe wata bakwai yana bin sa layi bayan layi. Saminu, ƙanin matarsa Haulatu, kafinta ne a bakin kasuwa. Gudummawarsa ita ce aron zarto da fere katako biyu. Ranar da jirgin ya tashi a filin ƙwallo, Malam Sada yana can gefe da rimot a hannu, kansa a sama. Wakilin wani gidan rediyo ya iso a makare, ya tarar da Saminu a gaban taro da fensir a kunne, ya tambaye shi ko shi ne mai aikin.

"To, Allah ne dai Ya ba mu basirar," in ji Saminu.

Washegari har Mai'adua an ji labarin kafintan da ya ƙera jirgi. Malam Sada ya kai ƙara wurin dangi. Aka yi dariya, aka tuna masa cewa tsakanin mutum da ƙanin matarsa ai wasa ne, kuma babba mai digiri ba ya fushi da wasa. Ya koma gida ya ƙulle abin a ransa. Saminu ya sa aka rubuta INJINIYA a allon shagonsa da jan fenti. Duk sallah yakan zo gidan yayarsa ya ci tuwo, ya dafa kafaɗar Malam Sada ya ce, "Yaya Malam, ya mataimakina?" Malam Sada yakan yi murmushi ya tura masa kwanon miya.

Abu ɗaya tak yake so a duniya, bayan cikawa da imani: ya ji Saminu ya faɗi sunan wanda ya ƙera jirgin nan, da bakinsa, a gaban mutane.

A shekarar da ya yi ritaya, damar ta zo da ƙafarta. Alhaji Yazid, babban dillalin hatsi, ya shirya bikin baje kolin sana'o'i bayan girbi, kuma yana so a rufe bikin da jirgi. Ba irin na da ba. Babba yake so, mai fiffike mita uku, da sunansa a jiki, yadda baƙinsa na ƙetaren iyaka za su koma suna ba da labari. Ya aika a kira Injiniya. Injiniya ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne, ya fito, ya hau babur, ya zarce gidan yayarsa.

Ya same su a tsakar gida da hantsi, Haulatu na tsince shinkafa, Malam Sada na gyaran rediyo.

"Yaya Malam, wata 'yar shawara ta kawo ni."

"Injiniya da kansa? Haulatu, ba shi kujera mai kyau."

"Ka daina mana. Takardun nan naka na zane, ko akwai na babba?"

"Na ɗauka a kai kake ajiye naka."

"Kan ne ya yi cunkoso, Yaya. Ga gadajen amare shida a gabana."

Akwai na babba. Shekara uku da suka wuce Malam Sada ya saye shi ta intanet, ya kai Katsina aka buga masa a manyan takardu goma sha biyu, ya naɗe ya ajiye a saman kwaba. Ya ɗauko ya shimfiɗa a kan tabarma, ya danne kusurwoyin da takalma. Bai ɓoye ko takarda ɗaya ba, bai sauya ko lamba ɗaya ba. Ya nuna masa haƙarƙarin fiffike guda talatin da shida, kowane da manyan ramuka a tsakiya. Ya ce a yi su da busasshen rimi, a haɗa da gam, a lulluɓe da siririn yadi. Ya faɗa masa inda ake samun injin a Kano. Sannan ya ɗora yatsa a ƙasan takarda ta farko.

"Ka ga nan? Nauyinsa kilo bakwai. Haulatu, ki zama shaida. Na ce masa kada ya ƙara komai, kada ya rage komai. Masu zanen nan sun fi mu sani, ni da shi."

Ya ga yadda gashin bakin Saminu ya motsa a kan kalmar ƙarshe, ya ji wani sanyi ya ratsa shi.

Bayan fitarsa Haulatu ta dubi mijinta.

"Malam, wannan kirkin naka bai kwanta mini ba."

"Gaskiya na faɗa masa. Kin ji ƙarya a ciki?"

"Shi ne abin da bai kwanta mini ba."

Malam Sada ya san surukinsa, ya kuma san kasuwar da ta raine shi. Matar da ta zo sayen kayan ɗakin 'yarta ba ta tambayar sunan katako. Kama ƙafar gado take yi ta jijjiga. In ya ɗagu da hannu ɗaya, ta ce kwali ne, ta wuce shago na gaba. In ya gagare ta, ta ce wannan kafinta mai tsoron Allah ne. Shekara ashirin da biyar Saminu yana cin abinci da nauyi. Kujerar da ya yi wa masallacin unguwarsu, sai mutum biyu ke matsar da ita in za a yi shara.

Duk Laraba Malam Sada yakan bi ta shagon, wai zai sayi goro a kusa.

Larabar farko ya tarar da haƙarƙarin jere a kan benci, sumul, ba huda ko ɗaya.

"Ina ramukan?"

"Haba Yaya. In kai wa Alhaji aiki kamar gara ta ci? Rowar katako ce kawai irin ta Turawa."

"Takarda dai ta ce a huda."

"Takarda ba ta taɓa riƙe guduma ba."

"Haka ne," in ji Malam Sada, ya ɓare goronsa.

Laraba ta biyu rimi ya koma maɗaci, domin rimi itacen kwale-kwale ne da akushi, ba na aikin manya ba. Ta uku aka bi kowane haɗin gam da ƙusa 'yar inci biyu, saboda ƙarko. Ta huɗu aka ajiye yadi aka lulluɓe fiffiken da falle-fallen katakon silin. Aikin kuwa ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Hannun Saminu yana da tsafta. Mutane suka riƙa tsayawa suna ƙwanƙwasa jikin jirgin da ɗan yatsa, suna jin ƙarar, suna cewa ma sha Allah, wannan ko jikoki sa gada.

Kowane zuwa Malam Sada yakan faɗi abin da takarda ta ce, sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, a gaban duk wanda ke wurin. Ya lura cewa in da 'yan kallo, Saminu ya fi saurin ƙara ƙusa.

A Larabar ƙarshe aka shafa fentin mai, kore da fari, shafi uku. Aka kawo farantin ƙarfe daga wurin mai walda, an yanka sunan Alhaji Yazid a jiki, aka ɗaure shi a wutsiya da noti huɗu. Malam Sada ya sa hannu ƙarƙashin fiffike ya gwada ɗagawa. Bai ɗagu ba.

"Ka ji aiki?" in ji Saminu.

"Na ji."

Malam Sada ya koya masa rimot tsakani da Allah: wannan na wuta, wannan na ɗaga hanci. Saminu ya roƙe shi ya riƙe masa rimot ɗin ranar biki. Malam Sada ya ce idonsa ya yi rauni, kuma bai dace mataimaki ya shiga gaban injiniya ba.

An yi bikin a wani fili da aka share a hanyar Sandamu. Rumfuna, kujerun roba, buhunan gero da wake na gasar manoma, da sikelin Alhaji a tsakiya ana auna su. Janareta na ruri a bayan rumfa, lasifika biyu a kan sanda. Mutum huɗu suka sauko da jirgin daga bayan a-kori-kura. Mai gabatarwa ya ce yau Daura za ta nuna wa duniya. Malam Sada ya zauna a layi na uku cikin farar shadda da ya ajiye tun ɗaurin auren 'yarsa.

Injin ya tashi da bugu ɗaya. Jirgin ya fara tafiya, aka yi kabbara. Ya ƙara gudu, ya kai kamar saurin keke. Saminu ya ja sandar hanci. Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa a ƙasa cikin natsuwa, wutsiya na jan layi a rairayi. Ya wuce ƙarshen filin, ya shiga gonar da aka girbe, ya bi kunya ɗaya tiryan-tiryan, ya je ya tunkuyi tarin karan dawa ya tsaya. Ko kwarzane bai yi ba.

Aka ɗauko shi aka sake. A karo na uku wani daga baya ya ɗaga murya: "Injiniya, a ɗaura masa garma mana, ko huɗa ya yi!" Dariyar ta taso daga baya ta iso har rumfar manya. Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya ya raɗa wa Alhaji Yazid wani abu, Alhaji bai yi dariya ba. Ya karɓi makirufo.

"Injiniya, zo nan. Me ya faru?"

Saminu ya zo yana share gumi da hula. Ya waiga hagu da dama, idonsa ya faɗa layi na uku.

"Ranka ya daɗe, matsalar daga zane take. Zanen kuma ba nawa ba ne. Na Malam Sada ne, ga shi can."

Kawuna suka juya. Malam Sada ya miƙe ba gaggawa, ya kakkaɓe rigarsa, ya zaro takarda ta farko daga aljihun gaba, a ninke. Ya gaida Alhaji, ya gaida baƙi, ya tsaya kusa da makirufo.

"Zanena ne, Alhaji. Injiniya, karanta wa jama'a abin da ke nan ƙasa."

"Yaya Malam, wasa ai ba a nan ba."

"Wa ya ce wasa nake? Karanta."

"Kilo bakwai."

"Alhaji, a ara mana sikeli."

Aka sauke buhun wake, mutum huɗun nan suka ɗora jirgin. Mai awo ya duƙa, ya goge gilashin da babban yatsa, ya faɗa da irin muryar da ya saba faɗa a kasuwa: "Ashirin da shida da rabi!"

Malam Sada ya bari dariyar ta lafa. Ba ya son ta rufe abin da ke tafe.

"To, Alhaji, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Mutumin da ya ƙera jirgin da ya tashi shekara tara da suka wuce ya san jirgi ba gadon amarya ba ne. Ko dai ya sani, ya yi maka wannan da gangan a gaban baƙinka, ko kuwa bai taɓa sani ba. Shi zai faɗa mana."

Alhaji Yazid ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Saminu. Rabin kayan ɗakin da Saminu ke yi a shekara na gidan Alhaji ne da na yaransa. Saminu ya dubi Alhaji, ya dubi mijin yayarsa, ya ga babu wasa a ko ɗaya daga cikin fuskokin. Ya matso da bakinsa kusa da makirufo.

"Wancan jirgin ma," ya fara, sai janareta ya yi tari biyu ya mutu. Sauran maganar ta fita a bakinsa kawai: "Malam Sada ne ya ƙera shi. Zarto na ara masa." Ban da mutum biyar na rumfa, ba wanda ya ji.

Saminu ya saki numfashi ya juya zai sauka. Malam Sada ya kama hannun rigarsa, a hankali, kamar mai tsallakar da tsoho titi.

"Mai ne ya ƙare, Alhaji?"

"An tafi kawowa. Ai mun ji, Malam, ya wadatar."

"Na baya ba su ji ba. Tun safe suke tsaye a rana, bayin Allah."

Minti ashirin aka yi ana jiran mai babur ya dawo da galan. Ba wanda ya tafi. Malam Sada bai saki rigar ba, har ya tambayi Saminu lafiyar iyali. Da janareta ya kama, ya ƙwanƙwasa makirufo sau biyu, ya ji ƙarar ta dawo daga ƙarshen fili, ya daidaita tsayinsa da bakin surukinsa.

"Daga farko," ya ce. "Kuma ka ɗaga murya."