Humra a Hannun Mai Fatsa

Wata tara Baba bai leƙa ƙofar gidanmu na Lugbe ba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, ya rantse ba mai ganinsa a haka. Mutumin da duk makanikan Apo ke kira idan inji ya gagare su, ya koma zaman bayan labule. Dangi suka ce in mayar da shi Yawuri ya ƙarasa kwanansa. Na ce ba inda za shi. Suka ce boko ya sa ba na jin magana. Na ce ina ji, yarda ce ban yi ba.

Kafin ya riƙe sufana, Baba masunci ne ɗan masunci. Don haka na sayo sandar fatsa ta zamani a Wuse, mai abin naɗe zare, na karanta takardarta sau uku. A shekarun nan gari ya yi albarka, ma'aikata na zuwa bakin tafkin Jabi ran Asabar su kama kifi don nishaɗi kawai. Da ƙyar Baba ya yarda ya shiga motata, bisa sharaɗin ba zai fito ba.

Asabar shida ina jefa ƙugiya, yana kallona ta gilashi. Rana ta ƙona ni, zare ya yanke mini yatsa, sau biyu na kamo leda. Kifi ko ɗaya. Oga Thaddeus, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zama kusa da ni da bokitinsa cike da karfasa, ya samu abin tsokana da karyayyar Hausarsa.

"Mashkura, kai kana da digiri, amma kifin nan ba ta je makaranta ba!"

"Za ta je, Oga. Ni zan koyar da ita."

A mota kuwa nakan haɗiye kuka, in tuƙa mu gida.

Ran Asabar ta bakwai, ina cikin soka tana a ƙugiya, sai na ji hon. Na ruga wurin motar. Na tarar Baba ya miƙa hannun hagu yana danna shi da fushi.

"Hannunki," ya ce, kalmar na fita da nauyi.

Na miƙa masa. Ya kai hancinsa, ya yamutsa fuska.

"Humra! Da wannan kike taɓa tana? Kifi na da hanci, 'yar boko."

Ya dubi mutanen da ke bakin ruwa, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ce, "Buɗe."

Tsakanin mota da ruwa ba nisa, amma mun daɗe muna tafiya. Ya jingina a kafaɗata yana jan ƙafa, miyau na zuba gefen bakinsa. Na ɗaga kai sama ina jiran in ga wanda zai yi mana kallon tausayi in ba shi amsa. Oga Thaddeus dai ya tashi ya ajiye masa kujerarsa, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," ya koma kan fatsarsa.

Baba ya ƙi kujerar. Ya sa na zaunar da shi a ƙasa, dab da ruwa. Ya ɗebo taɓo da hannunsa mai lafiya, ya kama nawa yana cuɗawa a hankali, yatsa bayan yatsa, har ƙarƙashin farce. Bai dube ni ba.

"Yanzu soka wata. Ja baya, inuwarki na kan ruwa."

Na jefa. Ya ɗora yatsarsa a kan zaren, ya lumshe ido. Iska na kaɗa rigarsa da ta yi masa yawa. Can ya ce, "Ja!"

Karfasa ce, ba ta wuce tafin hannuna ba. Oga Thaddeus ya yi ta tafi kamar na kamo giwan ruwa. Ya matso da sandarsa ya durƙusa.

"Baba, ni ma duba ɗaurin ƙugiyata."

Baba ya karɓa, ya juya ta, ya girgiza kai.

"Wa ya koya maka wannan?" ya ce. "Zauna. Mashkura, riƙe mini bakin zaren."