Birkin Motar Alhaji Ari

Babandi na kokawar zura hannunsa mai filasta cikin riga ke nan, matarsa Iyatu ta leƙo ta ce yana da baƙuwa a zaure.

"Matar bakanike ce," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Na ce mata ba ka jin daɗi, ta ce ko magariba za ka kai tana nan."

Ya fita da rigar rataye a kafaɗa ɗaya. Ngodoo na tsugune a bakin zaure, riƙe da kwanon abinci ɗaure cikin ɗankwali. Ya san ta farin sani. Shekara shida yana kai motar maigidansa garejin mijinta Sebastian a kan hanyar Makurdi, kuma ya sha cin sakwararta yana jiran a gama aiki.

"Oga Babandi, sannu da jiki," ta ce da Hausarta ta kasuwa. "Yau kwana goma sha tara mijina yana caji ofis. Sun ƙone gareji, ban yi magana ba. Yanzu yara sun bar makaranta, ana jifan su. Kai ne kana cikin mota. Gaya mini, mijina ya yanka birki?"

Babandi ya kafa wa ƙasa ido.

"Madam, abin yana hannun hukuma."

"Ba hukuma na tambaya ba."

Da ta ga ba zai ƙara ba, ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta, ta kama hanyar kai wa mijinta abinci.

Mako bakwai ke nan da rasuwar Alhaji Ari, wakilin mazaɓarsu a majalisar dokokin jihar Filato, tun Lafiya na ƙarƙashinta. Daga Jos suke dawowa, damina ta kankama, Babandi kuwa kwana uku bai sauka daga kan sitiyari ba: Lafiya zuwa Doma, Doma zuwa Jos, daurin aure nan, taro can. A gangaren Hawan Kibo, bayan la'asar, Alhaji na baya yana duba takardu, sai idon Babandi ya rufe. Bai fi ƙiftawa uku ba. Da ya farka suna cikin kwazazzabo, motar a kife, Alhaji ba ya motsi.

A asibiti ɗan sanda ya tsaya kansa da littafi, 'yan'uwan mamaci sun kewaye gadon, uwar Alhaji na kuka a bakin ƙofa. Aka tambaye shi me ya faru. Ya ce birki ne ya ƙi ci. Ya faɗa ne don a bar shi ya yi numfashi, yana ganin maganar za ta bi mamaci kabari.

Ba ta bi ba. Hukumar zaɓe ta sa ranar zaɓen cike gurbi, jam'iyyar marigayi ta tsayar da ƙanensa Alhaji Ƙasimu, ɗaya jam'iyyar ta tsayar da Iorfa, wani tsohon hedimasta ɗan wajen Agyaragu. Sai wani ya tuna cewa bakaniken da ya taɓa motar ƙarshe shi ma ɗan can ne, har ma surukin Iorfa ne. Kafin mako ya zagayo, daga tasha har rumfunan doya babu mai cewa haɗari, kowa kisa yake cewa.

Bayan tafiyar Ngodoo, ƙarfe uku motar Alhaji Ƙasimu ta tsaya a ƙofar gida. Ranar Alhamis ce, taron ƙarshe kafin zaɓen Asabar. Aka buɗe wa Babandi baya, wurin da bai taɓa zama ba a rayuwarsa.

"Ba dogon jawabi za ka yi ba," in ji Alhaji Ƙasimu da suka hau titi. "Ka ɗaga hannun nan su gani, ka ce ka taka birki ka ji wayam. Sauran ka bar mana."

Babandi ya dubi ƙeyar direban da ke gaba, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, akwai maganar da ta hana ni sukuni. Birkin nan..."

"Lafiyarsa lau. Na sani."

Babandi ya juyo gaba ɗaya, har hannun ya yi masa tsami.

"Tun makon farko na sa aka janyo motar, aka duba mini," Alhaji Ƙasimu ya ci gaba, idonsa na waje. "Barci ne ko? Na zaci haka. Yaya ba ya barin mutum ya huta, ni ma na yi masa tuƙi ina saurayi. Ban riƙe ka ba, Babandi. Kwanansa ne ya ƙare."

"To bawan Allah nan da ke tsare fa?"

"Asabar da yamma zan je da kaina a sake shi. Kwana biyu ne. Ka san zaɓen yanzu ba na akwati ba ne, layi za a yi a bayan hoton ɗan takara, kowa na kallon kowa. Wa zai tsaya bayan hoton wanda ake cewa ya kashe Ari, maƙwabcinsa na ganinsa? In kujerar nan ta bar gidanmu, marayu tara Yaya ya bari. Kai ma nan kake ci."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Mako bakwai Babandi yana tsoron ranar da gidan nan za su san gaskiya, ashe sun sani, sun kuma sama mata amfani.

Filin makarantar firamaren ya cika maƙil. An jingina hoton marigayi a jikin motar a-kori-kura, ya fi na ɗan takarar girma. Mata na gefe ɗaya ƙarƙashin itatuwan mangwaro, samari na gaba da jajayen ƙyallaye a goshi, wasu da gora. Can bayan katanga ya hango rumfunan 'yan Agyaragu masu sayar da doya da lemo, duk a rufe tun rana ba ta yi sanyi ba.

Mai gabatarwa ya kira shi da wanda Allah ya bari don ya ba da shaida. Aka tallafe shi ya hau bayan motar, aka damƙa masa makirfo a hannun hagu. Da ya ɗaga filastar, fili ya ɗauki kabbara.

"Jama'a, salamu alaikum," ya ce. Ya ji muryarsa ta dawo masa daga lasifika kamar ta wani. "Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Alhaji. Bai taɓa zagina ba. Ranar da abin nan ya faru, ni ne a kan sitiyari."

Ya tsaya. Alhaji Ƙasimu na gefensa yana gyaɗa kai a hankali.

"Birkin motar nan ba abin da ya same shi. Barci ne ya sace ni. Ƙarya na yi a asibiti saboda tsoro. Sebastian bai..."

Lasifikar ta mutu. Wani ya zare wayar daga batir. Na gaba-gaba sun ji, na baya suna ta tambayar me ya ce, maganar na tafiya daga baki zuwa baki tana sauya kama. Kafin ta kai katanga, wani saurayi ya ɗaga gora ya yi ihu:

"Sun saye shi! Har direban sun saye!"

Fili ya amsa. Mai gabatarwa ya mayar da wayar, ya ce jama'a sun gani da idonsu irin nisan da hannun mutanen nan ya kai, tunda har cikin gida sun shigo. Ihun da aka yi ya fi na farko. Wani dutse ya sami Babandi a kunne. Alhaji Ƙasimu ne da kansa ya rufe shi da babbar rigarsa, ya sauko da shi ta bayan motar, ya tura shi cikin wani lungu.

"Ka ga abin da ka ja wa kanka," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Kada ka kwana gida yau."

Babandi ya bi lunguna, yana dafe da kunnen, jini na bin wuyan rigarsa. Bai nufi gida ba. Ya ratsa bayan kasuwa ya ɓulla caji ofis ana kiran sallar la'asar a masallacin da ke kusa.

Ngodoo na zaune a kan benci a baranda. Ta dubi jinin, ta dubi fuskarsa, ya wuce ciki.

Sajan ɗin da ke teburin karɓar ƙara ya saurare shi har ƙarshe yana tauna bayan biro.

"Wato bayaninka za ka canza."

"Shi ne, yallaɓai."

"Mai binciken ya tafi aikin zaɓe ƙauye. Oga ma haka. Ka dawo Litinin."

"A rubuta yanzu mana, in sa hannu."

"Malam, na ce Litinin. Ni ba zan taɓa fayil ɗin nan ba sai an gama ƙirga layi."

"To a tsare ni. Ni na kashe shi."

Sajan ya yi 'yar dariya, ya ce ɗakin tsare mutane a cike yake, kuma ba a tsare mutum don ya yi gyangyaɗi sai da takarda.

Babandi ya fito baranda. Daga wajen filin makaranta ana jin ganga da waƙa sun taso, sun nufo cikin gari. Ngodoo ta matsa gefe ta bar masa wuri a kan bencin.

"Sun ce yaushe?"

"Litinin."

"Za ka dawo?"

"Ba inda za ni," in ji shi, ya zauna.