Rami Biyu a Jikin Fil

Tun daga taga Auta ta hango Kawu yana tsallako farfajiyar ɗakin gwaji, direbansa na biye da akwatin katako a kafaɗa. Kawun ya ƙara ƙiba. Ta wanke hannunta a natse, ta jawo kujerar da ta fi kowacce laushi, ta ajiye ta daf da injin awon tauri. Ta daɗe tana jiran wannan akwatin.

Fil ne a ciki, guntayen ƙarfen nan masu kaurin damtse da ke riƙe tirela a bayan kan mota. Maƙerar Kawu, yayan Inna, ita ke yin su, kuma a bakin tanderunta Baba ya yi furfura. Shi ke gasa fil har ya yi ja ciki da waje, ya tsoma shi a mai, ya sake ɗumama shi don kada ya yi gautsi. Wata shekara Kawu ya ce tanderu na cin wuta da yawa, ya sa aka kashe shi. Ya lura cewa masu gwaji saman kan fil kawai suke dannawa, domin a tsaye ya fi sauƙin zama a injin. Sai ya ce a riƙa lasar kan da wutar walda, a bar sauran yadda yake. Baba ya ce ba daidai ba ne, ba wanda ya saurare shi.

Ran da fil ya lanƙwashe ya tsinke a gangare, tirela ta ɓalle ta rushe katangar wani gida, Kawu ya tsaya gaban ma'aikata da mai motar ya ce, "Tsoho ne, idonsa ya daina gane launin wuta. Zumunci ne ya sa nake riƙe da shi."

Tun ranar Baba bai sake zama da maza a ƙofar gida ba. Ko murhun Inna ya bi ta gefensa, sai ya kau da kai.

Auta tana sakandare a lokacin. Ta ci gaba da durƙusa wa Kawu tana gaishe shi. Da ya ji daga baya injiniyanci take karantawa ya sa mata suna injiniyar tukwane, ta yi murmushi ta haɗiye. Da ta samu aiki a ɗakin gwajin nan, samfefa aka miƙa mata. Maza na awo, ita tana goge ƙarfe, har zanen yatsunta ya shafe, wayarta ta daina gane babban yatsanta. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Da tsohon ogan ɗakin ya yi ritaya, ba wanda ya san halin injin kamarta, dole aka bar mata shi.

"'Yar Kawu!" in ji Kawu yana zama, kujerar na kuka. Ya juya wajen injiniyan kamfanin da zai sayi kayan, wani siriri mai tabarau. "Ka gan ta nan? A cinyata ta yi wayo. Danna mana ɗaya, Auta, mu tafi, rana na yi."

"To, Kawu."

Ta ɗauki fil ɗaya ta tsayar da shi, ta juya hannun injin har kan fil ɗin ya taɓa tsinin lu'ulu'un injin, ta saki nauyi. Allurar agogon injin ta zagaya ta tsaya can sama. Ramin da ya fito bai fi kan tsinke ba.

"Ya yi tauri yadda ake so," in ji mai tabarau.

Kawu ya dafa gwiwa zai miƙe.

"Zauna tukuna, Kawu, ko ruwa ba ka sha ba."

Ta buɗe durowar ƙasa ta fito da wani mazaunin ƙarfe mai kwari a tsakiya, wanda ake kwantar da abu mai zagaye a kai. Kafin zuwanta tsatsa ce ke cin sa. Yanzu sai sheƙi yake, don kullum sai ta shafa masa mai. Ta kwantar da fil ɗin a ciki.

"Me kuma za ki yi? Ai ba a nan ake dannawa ba."

"A nan tirela ke ja, Kawu. Kan fil dai hula ce."

Mai tabarau ya matso. Ta saki nauyi. Tsinin ya nutse kamar a sabulu, allurar ta zube ƙasa. Auta ta cire nata tabaran kariya ta murza ido.

"Yau tun safe nake kallon agogon nan, ido ya gaji. Kuma ka san mu, raunin ido a jininmu yake, wajen Baba na gado. Kai da idonka ke garau, karanta mana."

Kawu ya dubi agogon, ya dube ta. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

"Wannan ɗaya ne ya kuɓuce wa yara," ya ce.

"Zai yiwu. Zaɓo wani da hannunka."

Ya zaɓo daga ƙasan akwati. Ya sake zaɓowa. Kowanne kansa kamar dutse, cikinsa kamar kwaɓaɓɓen gari. Mai tabarau ya ce a mayar da akwatin mota, sannan ya tambayi Auta ko za ta iya auna waɗanda suka riga suka saya, don akwai motocinsu a hanya. Ta ce ko yau ne.

Da ɗakin ya rage su biyu, Kawu ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni za ki tozarta? Me za ki gaya wa uwarki?"

"Zan ce ka zo, na ba ka kujera."

Labari ya riga ta isa gida. Inna na tsakar gida tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ciki ɗaya muka fito da shi fa, Auta."

"Na sani, Inna. Shi ma ya san mijinki ne ran da ya faɗi abin da ya faɗa."

Inna ta ci gaba da tsinta, tana jefar da tsakuwa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Baba na ɗaki a kan tabarma. Auta ta durƙusa ta ajiye fil ɗin farko a gabansa. Ya juya shi a hannu, ya bi ƙaramin ramin da yatsa, ya gangaro ya sami babban. Ya daɗe yatsansa na ciki.

"A gaban Kawunki?"

"A gabansa, da baƙo. Na ce ya karanta, ya kasa."

Baba bai yi dariya ba. Ya tambayi inda hularsa take, ya sa ta, ya ɗauki fil ɗin. Daga tsakar gida Auta ta ji hirar maza ta tsaya cak a ƙofar gida, sannan ta ji muryarsa yana cewa su matsa masa, akwai abin da zai nuna musu.