Kilomita Casa'in a Keke

Wata uku Abdulmalik ya yi yana shirin shiga wata gasa. Kullum in an idar da sallar asuba sai ya ɗaura takalmi ya bi titin Zariya da gudu, ya zagayo ta Unguwar Gano, ya dawo ɗakinsa a Gyaɗi-Gyaɗi. Ranar da ba shi da aiki a asibitin da yake jinyar marasa lafiya, sai ya hau keken da ya aro wajen maƙwabcinsa, ko ya je wurin wanka na wani otal ya yi ta iyo har kunnensa ya toshe. Gasar kashi uku ce a yini guda: iyo kilomita biyu, keke kilomita casa'in, gudu ashirin da ɗaya.

Sai dai ranar gasar yana da aiki. Abokiyar aikinsa Sista Indo ta yarda ta karɓar masa, shi kuma ya riƙe mata ranar Babbar Sallah. Tun rasuwar mahaifinsa shi yake zuwa Sumaila ya yanka wa mahaifiyarsa rago, bai taɓa fashi ba.

"Ƙarfe biyu zan kai wa Matiron jadawali," in ji Indo. "In ta sa hannu, ko birgima ka yi ba a canzawa."

Hankalinsa bai kwanta ba. Sau biyu ana ɗaga ranar gasar, lambar da ke jikin takardar talla kuma kullum a kashe. Ya ce ta ba shi awa ɗaya, ya nufi ofishin masu gasar a Tarauni.

Ofishin ashe shagon buga katin biki ne. A ƙofarsa adaidaita sahu sun fi ashirin a jere, har ya zaci tasha ce. A ciki ya tarar da mai shirya gasar, Murtala, da usur rataye a wuya.

"Likita! Zakaranmu ke nan."

"Malam Murtala, a ina za a yi iyon?"

"A dam."

"Wanne?"

"Ana kan magana. In ba a daidaita ba, akwai wani kududdufi mai kyau."

"Ruwan tsargiya za ku tura mutane?"

"Ku dai komai cuta ne a wajenku."

"Titi fa, za a rufe?"

"Asabar ce, ba cunkoso."

Abdulmalik ya dube shi. Asabar, a Kano.

"Mutum nawa suka yi rajista?"

"Sittin da huɗu," in ji Murtala yana gyara zama.

Wannan ya fi komai ɗaure masa kai. Wata uku yana zuwa iyo, masu shirin gasar da ya gani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ya miƙa wuya zai leƙa takardar sunaye, Murtala ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ce ana kiransa a waya. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Abdulmalik ya fito. Wani ɗan adaidaita da ke goge gilashin kekensa ya ɗago. Lawan ne, mutumin Gaya, wanda yakan ɗauki ma'aikata a ƙofar asibiti.

"A'a, Likita, kai ma kana ciki? Ina naka keken?"

"Yana gida."

"Ashe ka saya ba mu sani ba! To ka shirya. Jiya na juye baƙin mai, na sa sabuwar taya. Casa'in ai zuwa Wudil ne da dawowa, kafin shayi ya huce na gama."

Abdulmalik ya dubi Lawan, ya dubi jerin adaidaitan, sannan ya ɗaga kai ga takardar da ke manne a bango. Da manyan baƙaƙe an rubuta TSEREN KEKE. Ba hoto, ba ƙarin bayani.

"Iyon da gudun fa?"

"Oga Murtala ya ce waɗannan ganin dama ne."

Ya koma ciki, ya turo ƙofa.

"Ka san da wane keke mutanen nan za su zo?"

Murtala ya rage murya. "Likita, masu ɗaukar nauyi sun ce sai mun haura hamsin. Ni keke na rubuta, ban yi ƙarya ba. Ranar ma yi musu bayani."

"Masu keken ƙafa mu nawa ne?"

"Da kai, huɗu. Ɗaya bai tabbatar ba."

Ɗaya da rabi ta wuce. Abdulmalik ya fito ya tsaya a inuwar shagon, ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya kira.

"Sista, bar jadawalin yadda yake. Gida zan yi Sallah."

"Wahalar da ka sha fa?"

"Ta tafi a haka."

Da ya kashe, sai ya je wajen Lawan ya faɗa masa gaskiya: keken da ake nufi na murzawa da ƙafa ne, kuma sai an fito daga ruwa ake hawansa. Lawan ya saurara har ƙarshe yana ƙanƙance ido.

"Kilomita casa'in da ƙafa? Bayan an yi iyo?"

"Sannan a yi gudu."

Lawan ya yi murmushi, ya juya wajen 'yan'uwansa. "Kai jama'a, ku zo ku ji! Likita so yake mu janye ya ci shi kaɗai." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai tun ɗazu ya ga suna ƙus-ƙus da Oga a ciki.

Abdulmalik ya juya ya bar su. Ya tsallaka titi ya tsaya neman abin hawa, duk cikinsu ba wanda ya yarda ya ɗauke shi.