Tashar Kabu-kabu a Ƙofar Lekwal

Tashar kabu-kabu ta garinmu a ƙofar lekwal take, makarantar bokon yara. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Akwai iccen bedi ɗaya a wurin, wanda wasu ke ce ma dogon yaro, shi kaɗai ke da inuwa tsakanin kasuwa da hanyar da ke fita zuwa Gidan Amumune, sai masu moto, wato babur, suka taru a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. In an tashi yara da sha biyu, ta tsakanin tayoyi suke ratsawa.

Wata Talata, ranar kasuwarmu, Sirajo shugaban 'yan kabu-kabu ya ɗora buhun wake biyu, ya tayar da moto yana waige yana gardamar canji da wani, ya bi ta kan ƙafar ɗiyata ta fari. Shekararta bakwai. Yatsu biyu suka karye.

Ina tankaɗe a tsakar gida labari ya zo. Liza maƙwabciyarmu, matar Irmiya kafinta, ita ta shigo da gudu ba mayafi. Uwar mijina, Inna Hassana, tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar gujiya. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane, balle gaban surukai. Kunya ce, kowa da ita ya tashi. Don haka na ce, "To," na ci gaba da tankaɗe. Liza ce ta goya yarinyar zuwa likita, Inna ta bi su a baya. Garin nan sau huɗu na tankaɗe shi kafin su dawo.

Sirajo ɗan ƙanwar Inna ne. Washegari ya zo da madarar gwangwani biyu, ya durƙusa, ya ce tsautsayi ne. Inna ta ce magana ta mutu a gida, kada wanda ya sake tayar da ita. Ƙafa ta warke bayan wata biyu, yatsa ɗaya ya ɗan karkace. Motoci ashirin da wani abu kuwa suna nan inda suke, kuma yarinya kullum ta nan za ta bi.

Na je wajen diraktan lekwal. Ya ce daga ƙofa zuwa ciki nasa ne, daga ƙofa zuwa waje ba nasa ba ne. Na je wajen maigari, ya ce inuwa ta Allah ce. Na hau amalanke na je meri, ofishin magajin gari, sakatare ya yi mani bayani tiryan-tiryan: canza ma tasha wuri aikin konsaye ne, wato kansiloli, su ke zama su yanke, kuma wa'adinsu ya ƙare, za a zaɓi sabbi a watan Disamba. Na yi godiya na dawo.

Sati biyu bayan nan Baba Na Allah ya yi sallama a zauren gidanmu. Shi ke riƙe da jam'iyya a garinmu. Doka ta ce a jerin 'yan takara, cikin kowane huɗu sai an sa mace, shi kuwa matan da ke da takardar haihuwa sun yi masa kaɗan. Ni na yi kolej har aji biyu, takarduna suna cikin leda ƙasan akwati. Maigidana ya ce ba ruwansa muddin tuwo bai makara ba. Aka kira ni.

"Ɗiyata Sa'adatu, ba abin da za ki yi," in ji Baba Na Allah. "Hoto ɗai, da sa hannu."

"Ta nawa za a sa ni, Baba?"

Na tambaya ne saboda sakatare ya gaya mani yadda abin yake. Jam'iyya ke jera sunaye, mutane su jefa ma jam'iyya ƙuri'a, iya kujerun da ta ci sai a ɗauko daga sama.

"Ta tara."

"Kujera nawa kuke sa ran ci?"

"Duka, da yardar Allah."

"Wancan karon nawa kuka ci?"

Ya dubi rufin zaure. "Uku."

"To a sa ni ta uku."

"Ta uku Alhaji ne, shi ke zuba ma motoci isansi."

Muka tsaya a ta huɗu. Ya ce bai taɓa ganin mace mai ciniki kan lamba kamar tana sayen akuya ba. Ya tambayi abin da nake so in yi in na ci. Na ce zan ɗauke tasha daga ƙofar lekwal. Ya ce sai mi kuma? Na ce shi ke nan.

Kampanyi na yi ta gida gida, da Mudassir ɗan autana a goye, tsakanin azahar da la'asar, bayan na jiƙa hatsi. Duk gidan da na shiga sai in ce, "An taka wata yarinya a ƙofar lekwal." Mata su ce, "Wayyo, wata yarinya." Dukansu sun san wace ce, wasu ma sun zo dubiya. Amma sun ga ina kara, su ma sai su yi mani kara, mu yi ta jajanta ma juna kan ɗiyar da ba ta kowa ba. Daga nan a tambaye ni ko jam'iyya za ta raba turmin zane. Liza tana raka ni. Wata rana a hanyar dawowa ta ce, "Uwar Mudassir, yadda kike faɗinta kamar a rediyo kika ji." Na ce na sani.

Babban mitin aka yi shi ranar Talata ta ƙarshe kafin zaɓe, a filin kasuwa, bayan la'asar. An kawo lasifika biyu daga Mayahi an ɗaure a kan rumfa. 'Yan kabu-kabu su ne suka zagaya gari da tutocin jam'iyyarmu, Sirajo a gaba, saboda Alhaji ya cika masu tanki. Suka jera motocinsu a gefen fili suka zauna a kai. Tsofaffin mata suna kan tabarmi a sahun farko, Inna Hassana a tsakiyarsu. Ta fari tawa tana can baya cikin 'ya'yan Liza, suna cin rake.

Kafin a ba ni abin magana Baba Na Allah ya sunkuyo. "Ki yi maganar ruwa, ɗiyata. Ba mai faɗa da ruwa."

Na karɓa, na gaida iyaye da malamai da baƙi. Na ce sunana Sa'adatu, ta huɗu a jeri. Na ce yaran lekwal ɗari biyu da wani abu suna fita ta ƙofa ɗaya, kuma ƙofar cike take da moto. Na ce bayan injin niƙa akwai fili da ba kowa, in an kafa rumfa tasha za ta zauna. Na ce ba tsammani nake ba, an riga an taka wata yarinya.

"Wace yarinya?"

Sirajo ne, daga kan motarsa, yana murmushi. Ƙanen miji ne, akwai wasa tsakaninmu, yana iya faɗa mani abin da ya ga dama gaban jama'a a ce raha ce.

"Matar yaya, mu dai ba mu san mun taka kowa ba. Ko kun sani?" Abokansa suka ce ba su sani ba. "Yarinyar wagga ba ta da suna? Hwaɗa mana sunanta mu tahi mu gaishe ta."

Fili ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, sun dai ga ya kama ni inda ba zan iya motsi ba. Ya san ba zan faɗa ba. Tun ran suna ban faɗa ba. A gida "ke" nake ce mata, in tana nesa in aiki wani ya kira ta. Wani daga cikin maza ya ce a bar mata su zauna a ba Alhaji. Baba Na Allah ya miƙo hannu zai karɓi abin magana.

Na dubi Inna. Tana duban tabarma. Na yi tunanin gobe Laraba, ƙarfe sha biyu.

"Ramlatu," na ce. "Ramlatu Sama'ila, aji biyu. Ɗiyata ce ta fari."

Haka aka rubuta ta a rajistar lekwal, sunanta da na ubanta, haka ya fito. Sai da ya fita na lura har da sunan maigidana na kama, wanda shi ma ban taɓa kamawa ba. Lasifikar Mayahi tana da ƙarfi. Daga baya aka ce mani har masu ban ruwa a rijiyar gabas sun ji.

Dariya ta tsaya. Wata tsohuwa a sahun farko ta ce, "Innalillahi," ta ja mayafi ta rufe baki. Yarinyar ba ta waigo ba, tana ta shan rakenta. Ba ta san sunan da muryata ba. Sai da ɗiyar Liza ta zungure ta, ta miƙe tana dube-dube, ta fara tahowa. Wani ya ce ta cire takalmi a ga ƙafar.

"Zauna inda kike," na ce mata. "Ba wanda zai duba ƙafarki."

Ta zauna. Na juya wajen motoci.

"Wanda ya taka ta shi ma yana da suna," na ce, na miƙa ma Baba Na Allah abin maganarsa. Ya karɓa, ya fara maganar ruwa.

A gida maigidana ya jira har na zuba masa tuwo. "Har da nawa?" ya ce. Na ce haka yake a takarda. Ya ci tuwonsa.

Inna Hassana ta daina yi mani magana. Saƙo ta bakin Mudassir take bayarwa, watansa tara. "Mudassir, ce ma uwarka gishiri ya ƙare." "Mudassir, ce ma konsaye akuya ta shiga rumbu." Ni kuma in amsa masa. Mun yi kwana goma sha ɗaya a haka, aiki bai tsaya ba.

Ranar Jumma'a da safe Liza ta leƙo ta katanga ta ce in fito in gani. 'Yan kabu-kabu suna kafa rumfar zana bayan injin niƙa, Irmiya yana yanka masu itace. Sirajo ya gaya ma duk wanda ya tambaya cewa tsuntsayen bedi ne ke ɓata masu sirdi, tun bara suke da niyyar tashi. Irmiya ya gaya ma Liza abin da aka faɗa a ƙarƙashin rumfar: matar da ta kama sunan ɗiyarta ta fari da na mijinta a lasifika, ba wanda sunansa zai yi mata nauyi, kuma jandarmomi za su zo tsaron zaɓe jibi.

Lahadi aka jefa ƙuri'a. Jam'iyyarmu ta ci kujera uku. Baba Na Allah ya zo zaure ya ce tsofaffi na kora masa, da na yi maganar ruwa da yanzu ina meri. Liza ta ce ƙarya ne, matan aure matasa da ba su taɓa fita zaɓe ba sun fita, Alhaji ne mutane ba sa so. Ban san wanda ya fi gaskiya ba. Takardar da aka manna a bango dai, kujera uku ta ce.

Tasha dai tana bayan injin niƙa, amma ba konsayen da ya zauna ya yanke, ba takarda, ba hatimi. Rumfar zana ce, iskar damina ɗaya za ta iya kwashe ta. Don haka duk Talata nakan sauke tukunya da wuri, in goya Mudassir, in je in tsaya gindin bedi kafin sha biyu. Yawanci ba kowa sai mai sayar da ƙosai. Wani lokaci in tarar da moto ɗaya ko biyu, masu jiran fasinjan kasuwa.

Talatar da ta wuce wani saurayi ne, Manzo, ya kashe inji ya miƙe ƙafa a inuwa. Na je na tsaya kusa da shi.

"Sannu, konsaye," ya ce.

"Ban ci ba."

"Mun sani, Yaya."

Ya sauka, ya tura motar da hannu har ya wuce kwana. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fito.