Ranar da Maliki Ya Taka Har Kawo

Mero tana da cikin wata biyar lokacin da ta je awo a ƙaramin asibitin unguwarsu a Badarawa. Da aka gama duba ta, wata matashiyar ma'aikaciya mai suna Juwairiyya ta roƙe ta minti goma. Tana aiki ne tare da wasu likitoci da ke bincike a kan zaman aure. Ta kai Mero wani ɗan ɗaki a bayan wurin karɓar magani, ta rufe ƙofa, ta kunna fanka.

"Maman Yasmin, duk wadda ta zo awo ina yi mata waɗannan tambayoyi. Abin da kika faɗa a ɗakin nan zai tsaya. In ba ki so, ki ce ba ki so, ba abin da zai shafi awonki."

Ta fara da tambayoyi a kan barci da cin abinci, sannan ta ce, "A cikin shekarar nan, maigidanki ya taɓa ɗaga miki hannu?"

"Haba, Sista," in ji Mero, tana dariya.

Shekara shida ke nan da aurenta da Maliki, mai walda da ke ƙera ƙofofi da tagogi a bakin titi. Mutum ne mai barkwanci, hannunsa a sake, amma in ransa ya ɓaci ba ya ji ba ya gani. Sau biyu ya mare ta a bana, sau ɗaya ya hankaɗa ta har ta bugu da ƙofa. Ko yayarta ba ta gaya wa ba.

"Sau uku," ta ce a hankali.

Juwairiyya ba ta zaro ido ba, ba ta kuma yi mata wa'azi ba. Ta tambaye ta ko tana jin tsoron komawa gida yau. Mero ta ce a'a. Juwairiyya ta ba ta lambar wata mata da za ta kira a kowane lokaci in abu ya tsananta, sannan ta yi mata bayanin binciken. Akwai zama na mako takwas da ake yi da maza, ana so a gano ko yana rage duka da zagi a gida. Rabin mazan za su fara yanzu, rabin sai an kammala, don a iya kwatantawa. Ba Juwairiyya ke zaɓa ba, ƙuri'a ce a cikin ambulan a rufe.

"To ai zai gane ni na kai ƙararsa."

"Ba zai gane ba. Duk mazajen mata masu ciki ake gayyata, wanda matarsa ta yi ƙorafi da wanda ba ta yi ba, kuma ko mai koyar da su bai san wane ne wane ba."

Mero ta sa hannu a takardar amincewa. Aka buɗe ambulan, Maliki ya faɗa cikin masu farawa yanzu.

Da takardar gayyata zuwa darasin zama uba ta iso, Maliki ya juya ta gaba da baya. "Ni da na haifi Yasmin za a koya wa zama uba?" Amma abokinsa Ahmad, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, shi ma ya samu tasa, ya ce ai an ce akwai shayi da burodi. Suka tafi tare ranar Asabar.

Makon farko ya dawo yana tsaki. Mako na biyu ya dawo ba tsaki. A na uku kuwa tun daga ƙofar gida Mero ta jiyo dariyarsa.

"Maman Yasmin, yau na ga abin da ban taɓa gani ba! Malam Shehu, dattijon da ke koya mana, ya sa mu wasan kwaikwayo. Ni aka ba matar gida, aka ɗaura mini matashin kai a ciki. Ahmad ne mijin. Ya shigo yana daka mini tsawa wai ruwan wankansa bai yi zafi ba."

"Sai ka yi yaya?"

"Na ce masa ya dafa da kansa! Duk ɗakin aka fashe da dariya." Ya ɗan tsaya. "Amma fa da ya tsaya a kaina yana ihu, ni ina zaune da matashin nan, wallahi sai da gabana ya faɗi. Kuma na san wasa ne."

Mero ta ci gaba da yanka alayyahu, ba ta ɗago ba.

Wata ranar Talata bayan la'asar ya dawo daga aiki fuska a ɗaure. Wani mai gini ya dawo masa da ƙofofi huɗu, ya ce awon bai yi ba, ya zage shi a gaban mutane. Yana shiga ɗaki ya tarar da wayarsa ta biyu, wadda lambobin masu ba shi aiki ke ciki, a cikin bokitin ruwa. Yasmin, 'yar shekara huɗu, ta yi mata wanka da sabulu.

"Mero! Ina kike yarinya ta yi wannan?"

Ta san wannan muryar. Ta ja Yasmin bayanta, ta jingina da bango. Maliki ya tako biyu, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya tsaya cak. Ya dubi hannunsa, ya yi a'uziyya da ƙarfi, ya juya ya fita.

Minti ashirin suka wuce, awa guda ta wuce, aka yi magariba, ba Maliki. Mero ta fara leƙa waje. Sai dab da isha'i ya shigo yana ɗingishi, ƙafar dama da silifas ɗinsa, ta hagu da nata mai fure.

"Baban Yasmin, ina ka shiga?"

Ya zube a kan tabarma. "Malam Shehu ya ce in mutum ya ji wuyansa ya ɗau zafi, ya fita ya yi ta tafiya har sai ya huce. Bai faɗi iyakar nisan ba. Ni kuwa ban huce ba sai da na gan ni a ƙarƙashin gadar Kawo. Na laluba aljihu, ba ko sisin keke. Haka na sake takowa."

"Da takalmina?"

Ya dubi ƙafarsa. "Shi ya sa masu shayi ke ta kallona!"

Dariya ta ƙwace wa Mero har sai da ta riƙe cikinta. Ta ɗebo masa ruwan ɗumi ya tsoma ƙafafu. Yana cikin jiƙa su ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Abin da na yi miki a baya, ba laifinki ba ne. Nawa ne. Ki yafe mini."

"Na ji," ta ce. "Zan ga yadda za a ci gaba."

Ta haifi namiji, aka sa masa Sadiq. Bayan wata shida Juwairiyya ta sake kiran ta ɗakin nan, ta maimaita tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Tsawa?"

"Sau biyu."

"Hannu fa?"

"Ko sau ɗaya. Amma ya ƙarar da silifas biyu."

Juwairiyya ta yi dariya, ta rubuta. Mero ta tambaye ta ko ke nan abin nasu ya yi aiki.

"Ba zan iya cewa ba tukuna. Gidaje ɗari uku ne, sai an haɗa duka. Akwai inda aka samu sauƙi, akwai inda ba a samu ba, akwai ma wadda sai da muka taimaka mata ta bar gidan. Ke ma kada ki goge lambar nan." Ta rufe fayil. "Likitocin suna neman mata shida da za su riƙa ba su shawara kafin a fara da rukuni na biyu. Za ki shiga?"

"Ni? Iyakata aji uku na sakandare."

"Su ma digirinsu bai gaya musu abin da kika sani ba."

Ranar taron Mero ta je da Sadiq a goye. Babbar likitar ta ce abin da ke damun su shi ne maza da yawa sun daina zuwa tun a mako na huɗu, ba su san dalili ba. Mero ta ɗaga hannu.

"Likita, Asabar da safe kuka sa. Ranar ce kasuwa ke ci, mai shago ba zai rufe ba. Ku mai da shi Lahadi bayan la'asar. Kuma ku gaya wa Malam Shehu, in zai ce su fita su yi tafiya, ya ce su sa takalminsu, su ɗauki kuɗin keke."

Matan suka kwashe da dariya. Likitar ta ɗauki biro, ta ce Mero ta maimaita a hankali, ta rubuta duka biyun.